Tabon da ke Bayan Baffa

Ranar da Baffa ya rasu, layinmu na unguwar Wambai ya cika maƙil, har masu keke suka riƙa zagayawa ta baya. Ban yi zaton haka ba. Mutum ne da ya shafe shekaru yana wucewa ta gaban majalisun unguwar nan ana amsa sallamarsa da gefen baki. Ga shi yau su ɗin ne a jere kan tabarmi, kowa ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

A cikin gida na lura da wani abu. Duk wadda ta shigo gaida Inna, matar marigayin, sai ta fara da "Ya haƙuri?" da murya sosai, amma kafin ta kai ga "Allah ya jiƙansa" idonta ya koma ƙasa. Yabon ma gajere ne. Mutumin kirki, ba ruwansa da kowa, ba ya faɗa. 

Ana cikin haka wata tsohuwa ta iso daga ƙauye. Ta daɗe rabonta da gari, ba ta san abin da ya canja ba. Ta zauna, ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce:

"Allah ya yafe masa abin da ya aikata a ƙasar waje. Ai ya sha hukuncinsa tun a nan duniya."

Goggo, ƙanwar su Baba, ta ajiye kofin da ke hannunta.

"Me ya aikata? Faɗa mini, tunda kina wurin."

"A'a, ni dai haka na ji ana faɗa."

"A bakin wa?"

Tsohuwar ta dubi Goggo, ta dubi sauran matan, ba da mugunta ba, da mamaki kawai. Ta ce, "To ai a gidan nan na fara ji."

 Inna ta gyara mayafinta ta shige ɗaki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata. Abin da ya sa nake wannan rubutu ke nan. Yaranmu za su girma, wata rana wani zai ba su labarin Baffa irin yadda tsohuwar nan ta san shi. Ina so su tarar da nawa a ajiye.

Baffa ƙanin mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina zanen goyo shi da Baba suke kirana Uwata. Goggo ta ce tun yana yaro ba a raba shi da ruwa. Kogin Iku ne gidansa na biyu, an yi dukan, an yi faɗan, bai daina ba. Da ya zama saurayi ya shiga sojan ruwa, can ya koyi nutso da tukunyar iska a baya, ya koyi yin walda a ƙarƙashin teku. Bayan ya bar soja wani kamfani ya ɗauke shi, yana gyaran cikin jirage da ƙafafun rijiyoyin mai. Daga Ikko zuwa Fatakwal, daga nan aka wuce da shi gabas mai nisa, ruwan ƙasar Malesiya. A lokacin, in ji Goggo, Baba ba ya zama a majalisa bai ambaci ƙanensa ba. Ɗan Suleja, garin da ba teku, yana ƙona ƙarfe a ƙasan teku.

Sai ga shi ya dawo babu sanarwa, a rame, da jaka ɗaya. A wuyansa akwai wani layi ja da ya ɓullo daga cikin riga. Da aka matsa masa ya ce wata halittar ruwa ce ta harbe shi. Aka ce wace iri, kifi ko maciji? Ya ce ba ko ɗaya. Ba ta da ƙashi, ba ta da jini, kana iya ganin hannunka ta cikin jikinta kamar farar leda, amma tana da idanu, kuma tana jan wasu igiyoyi a bayanta da suka fi mutum tsawo.

Majalisa ta tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Wato leda ce ta zane ka?" Maganar ta zauna. Ba a jima ba wani da ya je aikin Hajji ya dawo da labarin cewa a waɗancan ƙasashen bulala ake yi wa ɓarawo sannan a koro shi gida. Aka haɗa wannan da wancan. Mutum ya tafi da ƙarfinsa, ya dawo da shatar bulala, ba aiki, ba bayani sai na leda mai idanu. Tun daga lokacin Baffa bai sake ba da labarin a bainar jama'a ba.

Ya buɗe rumfar walda a hanyar Iku, inda ake ta gina gidajen haya saboda masu aiki a Abuja. Ƙofofi, tagogi, gadajen ƙarfe. Haka na taso na san shi. Komai zafin rana, komai tartsatsin wuta, rigarsa mai dogon hannu ce, maɓalli har wuya. Ba ya iya wuce leda a ƙasa. In ya ga fara a kwata sai ya nemi kara ya ɗauke ta, ba ya taɓawa da hannu, yara suna binsa suna dariya. Yana da wata magana da yake yi wa kowa, ko za ka tashi daga ƙarƙashin mota ne, ko za ka ba wani amsa cikin fushi: "Duba sama kafin ka taso." Mun ɗauka salon magana ne kawai.

Yana son shayi ba madara, yana son rediyo, ba ya cin kifi. In na kai masa abinci rumfa yakan ɗaga gilashin waldar ya ce, "Uwata ta tuna da ɗanta." Ya kuma ba ni labarin teku, amma mai daɗi kawai. Kifayen da ke zuwa kallon wutar walda kamar 'yan kallon dambe. Shirun da ke can ƙasa, wanda ya ce bai taɓa jin irinsa ba ko a masallaci.

Ina budurwa aka yi abin da ya ƙarasa karya shi. Wata damina ce, an wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai ɗauke ba sai da hantsi. Kogi ya cika ya hau kan kwalbatin da ake bi zuwa Iku. Wani maƙwabcinmu ɗan acaɓa, magidanci mai mata da 'ya'ya, ya ce zai iya wucewa. Ruwa ya ɗauke shi da babur ɗin. Jama'a suka yi ta ihu, sai wani ya ce a kira mai nutso. Waɗanda suka yi shekaru suna cewa ƙarya yake, su ne suka ruga rumfarsa.

Ina dawowa daga kasuwa na tarar da taron. Da idona na ga Baffa ya taho a guje, ya watsar da takalma, ya fizge rigarsa har maɓallai suka zube. Ranar ce mutanen unguwa suka fara ganin fatar bayansa. Layuka ne a nannaɗe, sun bi ta kafaɗa sun zagayo ƙirji, kowane layi da ƙananan tsage a kansa kamar matakan tsani. Na ji wata mata a bayana ta ce, "Innalillahi, ashe da gaske ne."

Ya shiga ruwan. Ya kai gwiwa, ya kai cinya, yana duban inda igiyar ruwa ta karkata, hannunsa a miƙe. Sai wata farar leda da ruwa ya kwaso ta naɗe masa ƙafa.

Ban taɓa jin babban mutum ya yi ƙara irin wannan ba. Ya faɗi da baya, ya fito da rarrafe yana kakkaɓe ƙafarsa. Aka ce ya koma. Ya miƙe ya dubi ruwan, ya ɗaga ƙafa, ta ƙi zuwa. Matar mutumin tana tsaye a gefe tana cewa, "Baffa, don Allah. Baffa, don Allah." Bai koma ba.

Baba ya ratso taron, ya tsinci rigar daga cikin laka ya jefa masa.

"Rufe jikinka mu tafi."

Washegari wasu manoma suka tsinci gawar can gangare.

Daga ranar magana ta ƙare a unguwa. Ga shatar bulala kowa ya gani, ga mai nutso yana tsoron ruwa. A gidanmu ma aka daina musu. In baƙo ya tambaya, sai a rage murya a ce, "Ai ka san abin da ya same shi a waje." Mu yara muka ji a bakin manya, muka ɗauka. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro sharri a gidanmu. Kunya ce ta sa muka riga mutane faɗa, don kada a faɗa mana.

Baffa bai iya shiga gidan mamacin ya yi gaisuwa ba. Inna ta ce ya je har ƙofa, ya tsaya, ya juyo. Amma da ruwa ya janye sai aka gan shi a bakin kwalbatin da injinsa da tarkacen ƙarafa. Ya yi kwanaki yana aiki shi kaɗai, ya kafa shingen ƙarfe a gefe da gefe, mai kauri, wanda ko mota ta jingina ba zai ba da kai ba. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya ce masa sannu. Duk shekara kafin damina yakan je ya duba shi, ya shafa masa fenti. Masu acaɓa suna jingina da shi suna hira, yawancinsu ba su san wanda ya yi ba.

Faɗan da ya raba su da Baba a kan aurena ne. A al'adarmu ƙanin uba ne ke ba da aure. Baffa ya ɗinka sabuwar shadda, ya zo tun da safe da hularsa a hannu yana gyara mata kari. A zaure Baba ya tare shi. Ina ɗakin da ke kusa, ana yi mini lalle, kuma muryoyinsu suna shigowa.

"Na riga na roƙi Liman ya tsaya," in ji Baba.

Sai na ji muryar Baffa.

"Yaya, na mutu ne ba a faɗa mini ba?"

"Ka fahimce ni. Dangin yaron daga Gawu Babangida suke, mutanen mutunci ne, kuma magana ta kai musu. Ba na son a yi wa yarinyar nan gori a gidan miji."

"Su magana ta kai musu. Kai fa? Ni na kawo maka kaina, na zauna a ɗakin nan na faɗa maka abin da ya same ni."

"Ka faɗa mini leda ta zane ka!" Muryar Baba ta tashi. "Me kake so in ce wa mutane? Na kare ka har bakina ya gaji. Sannan ka tsaya gaban duk unguwa, mutum yana nutsewa, ka kasa shiga ruwan da yara ke wasa a ciki. In kai ne ni, me za ka gaskata?"

Na jira Baffa ya yi faɗa. Bai yi ba. Ya ce, "Allah ya sanya alheri," ya fita. Ya halarci ɗaurin auren a sahun baya, cikin masu tsayuwa a rana. Da yamma kuma aka sauke gadon ƙarfe a ƙofar gida, wanda ya yi watanni yana ƙera mini a ɓoye, da furanni a jikin allon kai. Daga nan gaisuwa kawai ta rage tsakaninsa da Baba, ta Sallah da ta mutuwa.

Shekaru suka wuce. Autanmu ya sami gurbin karatu a Malesiya. Ana gobe zai tafi, da la'asar, muna tsakar gida ana haɗa masa kaya, sai ga sallamar Baffa. Ya daɗe bai shigo har ciki ba. Yana riƙe da kwalbar ruwan kal, mai tsamin nan da muke sa wa kwaɗon ganye. Ya zaunar da Auta a kan benci, ya yi magana mai tsawon da ban taɓa jin ya yi ba.

"Ka saurare ni, ko ba za ka yarda ba. Za su kai ka bakin teku, ba yadda za a yi. Turawan da na yi aiki da su jelifish suke ce wa dangin abin, kuma iri-iri ne. Akwai masu zagaye kamar faifai, ruwa ke tura su duk inda ya ga dama, harbinsu ƙaiƙayi ne da raɗaɗi. Wadda nake faɗa maka daban take. Kanta kamar akwati yake, kusurwa huɗu, kuma daga kusurwoyin nan igiyoyin suke fita, ba daga tsakiya ba. Da haka za ka gane ta, in ka yi sa'ar ganinta, don launinta launin ruwa ne. Sau da yawa inuwarta za ka fara gani a kan yashi. Tana iyo da kanta, tana juyawa, tana ganin gabanta."

"Baffa, kwamfuta fa zan je karantawa, ba su ba," in ji Auta yana dariya.

"Ba a tsakiyar teku take jira ba. Ruwa mai kwanciya take so, mai ɗumi, kusa da gaɓa, wajen da kogi ke shiga teku, inda kowa ke ganin ba komai. Kada ka shiga da fatarka a waje. Ko siririyar riga ce mai kama jiki ta isa, dafin ba ya ratsa tufa. In ka gan ta, kada ka taɓa, kada ka buga ruwa, ka ja da baya a hankali ka ba ta hanya. Ba ta farautar mutum, mu ne muke faɗa mata. In kana ƙasa za ka fito, ka duba sama tukuna. Ko a gaɓa ka tarar da ita a mace, igiyar tana harbi."

Ya ɗaga kwalbar.

"In ta taɓa wani, a fito da shi, a kwarara masa wannan a wurin, a yi ta zubawa, sannan a cire igiyoyin. Kada a murza. Kada a zuba ruwan sha, ƙara tayar da dafin yake. Masu cewa fitsari, ƙarya ne. A kira asibiti nan take, ko ya ce ya ji sauƙi, don zuciya take nema. In numfashi ya tsaya a danna ƙirji, kada a daina. Wani mai dafa mana abinci a jirgi ne ya yi mini haka, ba don shi ba da ba ka san ni ba."

Matan gida suna ta ƙunshe dariya a mayafi. Baba yana ɗakinsa, yana ji, bai fito ba. Auta ya karɓi kwalbar da hannu biyu ya yi godiya, da Baffa ya fita ya ɗora ta kan firij, don ba za a bar shi ya shiga jirgi da ita ba. Da ita muka yi ta kwaɗo har ta ƙare.

Can cikin shekararsa ta biyu Auta ya turo mini hotuna a waya, babu ko gaisuwa. Sun je hutu wani tsibiri da abokansa. Hoto na farko allo ne a bakin teku, da zanen wata halitta mai kai kamar akwati da igiyoyi a kusurwoyi. A ƙarƙashin allon an kafa ɗan akwati, a ciki kwalbar ruwan kal. Hoto na biyu daga jikin allon ne, cinyar wani da aka harba. Layuka a nannaɗe, kowanne da ƙananan tsage kamar matakan tsani. A ƙasa Auta ya rubuta: "Yaya, ki nuna wa Baba. Ni ba zan iya ba."

Na same shi a zaure bayan azahar. Ya sa tabarau, ya karɓi wayar. Ya ce in ƙara girman hoton. Na ƙara. Ya ce in mayar da na farko. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya cire tabarau, ya rufe fuskarsa da tafin hannu.

"Uwata," ya ce, "Liman na sa ya tsaya."



Goggo ce ta karɓe wayar ta bi gida-gida da ita, har majalisar maza ta tsaya daga nesa ta aika a nuna musu. Na ɗauka Baffa zai yi murna. Da na je rumfa na tarar ya riga ya ji, kuma ransa a ɓace yake. Na miƙa masa wayar, ya kawar da kai.

"Ɗauke. Na san kamanninta."

"Baffa, ai yanzu kowa ya san gaskiya."

Ya kashe injin, ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Wace gaskiya? Rabin labari na ba su tun farko. Ranar da abin ya harbe ni, wata igiya ce ta naɗe farfelar ƙaramin jirgi, a ruwan da bai fi tsayin mutum biyu ba. Zafi ake yi, na ce aikin minti kaɗan ne, na faɗa da gajeren wando. Na gama, na taso ban duba ba. Uwata, na san wuta, da ita nake ci. Wannan ta fi wuta. Na farka a asibiti. Da na warke na sa kayan nutsona cif, na tsaya a bakin tsanin jirgi, yaran da na koya wa aiki suna kallona, ƙafata ta ƙi sauka. Na gwada washegari, na sake gwadawa. Ba wanda ya kore ni, ni na ce a sallame ni. Wannan ne ban iya faɗa wa Yaya ba. Yana alfahari da ni a majalisa, in zo in ce masa ina tsoron ruwa? Da suka ce ɓarawo, na ji zafi, amma wallahi wani sashe na zuciyata ya ce bar su, ya fi sauƙi."

Ya dubi hanyar da ta gangara wajen kwalbati.

"Hoton nan ya wanke ni daga sata. Bai ciro mutumin nan daga ruwa ba. Na ga inda ruwa ya kai shi, na san yadda zan bi in tare shi. Da na shiga, wataƙila da yanzu yana aurar da 'ya'yansa."

Na ce masa ba laifinsa ba ne, ajali ne. Ya ce ya sani, malamai sun faɗa masa, kuma ya yarda. Sannan ya sauke gilashinsa ya kunna inji.

Unguwa ta canja masa, amma a karkace. Ana tashi a ba shi wuri, ana amsa sallamarsa har da ƙari. Ba wanda ya fito ya ce mun zalunce ka. Baba ma ya kasa. Yakan shirya, ya sa hula, ya kai bakin layi, ya dawo. Sai dai ya riƙa aika masa da nama da goro ta hannuna, Baffa kuma ya ce a ce ya gode. Tsofaffi biyu, sahu ɗaya a masallaci, kowa yana kallon wurin sujadarsa.

Ciwon ƙoda ne ya kwantar da Baffa bara. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ya ce a kai shi gida a kula da shi, duk mun gane. Ranar Baba ya shiga ɗakinsa. Ya zauna a bakin gado yana juya carbi, ya yi ta tambayar magani da abinci. Can ya ce, "Akwai abin da kake so?"

Baffa ya ce, "Ka kai ni Gurara."

Maigidana ya ɗauke mu a motarsa zuwa magangarar ruwan, shi ya san hanyar tun yarinta. Rani ne, ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito, ƙasan magangarar akwai wani wuri mai yashi da ruwan ya kwanta garau, kana ganin ƙasa. Muka riƙo Baffa har bakin ruwan. Ya tsaya. Na ga yatsun ƙafarsa sun ƙanƙame takalmi, numfashinsa ya fara sauri. Ya ce, "A'a. Kallo ma ya isa. Mu koma."

Sai Baba ya tuɓe takalmansa. Mutumin da bai taɓa shiga ruwan da ya wuce na bokiti ba. Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya naɗe wando, ya taka cikin ruwan yana tangaɗi a kan duwatsu har ya kai masa ƙwauri. Ya juyo ya miƙo hannu.

"Ka san ban iya ruwa ba. In santsi ya kwashe ni, kai za ka ciro ni. To zo ka tsaya kusa."

Baffa ya dube shi, ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya zare ƙafa ɗaya daga takalmi, ya daɗe tana sama, sannan ya sauke. Ya sauke ta biyu. Ya kama hannun yayansa, suka matsa kaɗan, suka ƙara matsawa, har ruwa ya rufe musu gwiwa. Wani busasshen ganye ya zo ya taɓa shi, jikinsa ya zabura, amma bai fita ba. Baba ya ƙara riƙe shi.

Ina jin su daga inda nake. Baba ya ce, "Na ci amanarka. Ka faɗa mini gaskiya na bi maganar mutane. Ka yafe mini don Allah."

"Yaya, yi shiru mana," in ji Baffa. Idonsa a rufe. "Ina sauraron ruwa."

Baba ya yi shiru, hawaye yana bin gemunsa. Suka tsaya a haka har na fara tsoron sanyi zai kama mara lafiya. Can Baffa ya sunkuya, ya ɗebo ruwa da hannu biyu ya wanke fuskarsa, ya sake ɗebowa ya wanke ta Baba, kamar yadda ake yi wa yaro.

"Na yafe," ya ce. "Riƙe ni da kyau, ƙafata ta gaji."

Bai kai damina ba. Ya cika da safiyar wata Alhamis, kansa a kan cinyar Baba.

Ya Allah, bawanka ne ya zo maka da tsoronsa da haƙurinsa, kai ka fi mu sanin nauyin kowanne. Ka yi masa rahama, ka haɗa shi da maƙwabcin nan namu da ruwa ya ɗauke, a inda ba mai jin nauyin wani. Mu kuma da muka rage, ka yafe mana abin da bakunanmu suka ɗauka suka yaɗa ba mu gani ba.